Diplom ɗin riƙon ɗalibi

A jami'o'in Amurka akwai wani karatu da ake yi bayan lisans, mastar ne na shekara biyu, wanda in ka gama shi ba ka zama malamin aji ba, ba ka zama lauya ko likita ba. Sana'arka ita ce ɗalibi: inda yake kwana, wanda zai tarbe shi ranar da ya fara taka jami'a, wanda zai saurare shi in kansa ya ɗau zafi, wanda zai zauna da shi in ya yi laifi, wanda zai lura in ya daina zuwa aji. Suna kiran fannin harkokin ɗalibai. Jami'o'i da dama ke koyar da shi, yana da furofesoshinsa da mujallunsa, da manyan ƙungiyoyi biyu, NASPA wadda tushenta ya koma 1919 da ACPA ta 1924.

Yadda ake karatun ya cancanci a sani. Mafi yawan masu yin sa suna aiki a cikin jami'ar lokacin da suke karatun, wajen awa ashirin a mako. Jami'a ta yafe musu kuɗin makaranta ko wani sashe nasa, ta riƙa ba su ɗan abin kashewa. Da yawa a site suke kwana tare da yaran shekarar farko, waya a gefen matashin kai, don duk abin da ya faru da tsakar dare su ake fara kira. Da rana kuma su shiga aji su karanta yadda hankalin matashi ke girma, da dabarun sauraron mai damuwa, da dokokin da suka shafi jami'a, da tarihin ilimi mai zurfi, da tsara kasafi, da auna ko wani shiri ya yi amfani.

Abin da ya sa na ɗauko maganar, kamaradai, shi ne ta fara shigowa hirarmu. Duk sanda aka yi rikici a wata jami'a tamu, ko burs ta makara, ko resto ya rufe, sai wani a fada ya ce ai matsalarmu rashin ƙwararru ce, a Amurka mutum sai ya yi mastar kafin a ba shi makullin site. Masu neman burs ɗin waje, irin su Fulbright, wasunsu sun fara leƙa fannin. Ni na zauna na karanta tsarin karatun wasu daga cikin jami'o'in nan a intanet, da abin da na samu na littattafan da suke dogara a kansu. Hukuncina shi ne akwai abu mai daraja a ciki da ya kamata mu kwasa da hannu biyu, amma ginshiƙin karatun an kafa shi a kan wani ɗalibi da ba mu ba ne, kuma an kafa shi don amsa tambayar mai jami'a fiye da ta ɗalibi.

Asalin sana'ar gadi ne, kada mu ɓoye. A da, kwalejojin Amurka suna tafiya kan wata ƙa'ida da ake ce ma in loco parentis da Latinanci, wato makaranta tana madadin uwa da uba. Tana da ikon faɗa maka lokacin kwana, wa za ka ziyarta, ta kore ka ba tare da dogon bayani ba. Da malamai suka duƙufa kan bincike suka gaji da bin sawun yara, sai aka naɗa masu lura da ɗalibai mata da masu lura da ɗalibai maza. Karatun farko na wannan aiki an buɗe shi a kwalejin horar da malamai ta jami'ar Kolombiya a birnin New York wajen 1913, don masu lura da ƴan mata. A 1937 majalisar ilimi ta Amurka ta fitar da wata gajeriyar takarda, The Student Personnel Point of View, aka sake duba ta a 1949. Har gobe ita ake fara karantawa a wannan mastar. Abin da take cewa a taƙaice, ɗalibi ba kwanya ce kawai da ake zuba ma ilimi ba, mutum ne ɗungurungum, da jikinsa da zuciyarsa da aljihunsa da dangantakarsa da mutane, kuma jami'a na da alhaki a kan duka.

Wannan magana ba ni da ja da ita. Ko kakata za ta sa hannu. Inda na fara ja shi ne wajen masanan da aka ɗora a kan wannan tushe.

Ɗauki Arthur Chickering, wanda littafinsa na 1969 ya zama kamar fatiha a fannin. Ya jera hanyoyi bakwai da matashi ke girma a cikinsu a jami'a: ƙwarewa, sarrafa fushi da sauran abin da ke zuciya, tsayuwa da ƙafafunsa, iya zama da mutane, sanin ko shi wane ne, samun manufa, da daidaita magana da aiki. Ɗalibansa na ƙananan kwalejojin Amurka ne, masu kwana a makaranta, ƴan shekara goma sha takwas zuwa ashirin da ɗoriya. William Perry kuma, a 1970, ya zana yadda tunanin ɗalibi ke tashi daga ganin komai fari ko baƙi zuwa yarda cewa gaskiya tana da fuskoki, kuma mafi yawan waɗanda ya yi hira da su samarin Harvard ne. Babu laifi mutum ya yi nazarin waɗanda ke gabansa. Laifin yana zuwa ne in aka ɗauki ƴaƴan Harvard na shekarun 1950 da 1960 aka mai da su ma'aunin ɗan Adam. Su kansu Amurkawa sun daɗe da yin wannan suka, sun ƙara darussa a kan baƙar fata da mata da ƴaƴan talakawa. Amma gyaran fenti ne a kan gini ɗaya: ɗalibi shi kaɗai, yana tafiya daga dogaro da wasu zuwa mallakar kansa.

Wanda ya fi tsaya mini a wuya shi ne Vincent Tinto, kuma shi ne ya fi kowa tasiri a kan yadda ake fahimtar barin makaranta. A maƙalarsa ta 1975 da littafinsa na 1987 ya nemi ya bayyana dalilin da ke sa ɗalibi ya watsar da karatu. Ya aro tunani daga Durkheim, wanda ƴan sosiyoloji cikinmu suka sani da nazarin kisan kai, cewa mutum na faɗuwa ne in bai saƙu cikin al'umma ba. Ya kuma aro daga Van Gennep matakai uku na bukukuwan shiga sabon matsayi: rabuwa, tsaka-tsaki, shigewa. Ma'ana, don ɗalibi ya dawwama sai ya ɗan saki al'ummar da ya fito ya saƙu cikin ta jami'a. William Tierney ya soki wannan a 1992, yana mai cewa ga ɗaliban da ba fararen fata ba, wannan kira ne su yar da al'adarsu a ƙofar makaranta. Shi ma Tinto ya sassauta daga baya.

To yanzu ku kawo wannan ma'auni Maraɗi. Ga yaro daga wani ƙauye na Dakoro ko Mayahi, shi ne na farko a zuriyarsu da ya ci bak. Ranar da burs ta faɗo, kafin ya sayi sabulu an riga an raba ta: buhun hatsi na gida, maganin tsohuwa, kuɗin kayan lakwal na ƙanne. Damina ta kama, gonar na jiransa, ga jarrabawar samestir da ta zame daga watan da aka sa ta ta faɗo tsakiyar noma. Wace rabuwa za a ce ma wannan yaro ya yi? Gidan nan da masanin ke gani kamar igiyar da ke janye shi baya, shi ne dalilin da ya sa ya zo jami'ar tun farko, kuma shi ne ke aiko mishi da gari da ƙuli-ƙuli in resto ya tsaya. Ga ɗaliba mai aure da goyo, tana barin amfi da gudu don ta ɗora tukunya. Ga wanda ya kai shekara ashirin da takwas bai gama lisans ba, ba don ya faɗi ba, don shekarun karatu sun hau kan juna. Ma'aikacin da aka horar da Tinto zalla zai dubi waɗannan ya rubuta cewa ba su saƙu ba, ya shirya musu wasan sada zumunta.

Alexander Astin ya ce a 1984 gwargwadon lokaci da ƙarfin da ɗalibi ya zuba cikin rayuwar jami'a, gwargwadon abin da zai amfana. Gaskiya ne. Sai dai mu ba mu da ƙarancin zuba ƙarfi. Wanda ya tashi da asuba don ya kama wuri a amfi, ya tsaya layin resto, ya yi kokawar shiga bis, ya kwana su shida a ɗakin mutum biyu, ya zuba ƙarfi har ya wuce kima. Ƙarfin ne ke tsiyaya inda bai kamata ba.

Akwai kuma abin da takardun tallar wannan mastar ba su cika faɗa da babbar murya ba. A Amurka ɗalibi na biyan kuɗin makaranta mai nauyi, sau da yawa da bashi. Duk ɗalibin da ya bar jami'a kuɗi ne suka fita daga asusunta, kuma sunanta na sauka a jerin da ake gwada jami'o'i. Shi ya sa kalmar da ta fi yawo a fannin ita ce riƙe ɗalibi. Kulawar gaske ce, ban ce ƙarya ba ce, amma tana da mai biya, kuma mai biyan yana da lissafinsa. A wurinmu lissafin a juye yake. Jami'ar gwamnati ba ta cin riba da yawanmu, kuka take da shi. In ɗalibi ɗari suka ɓace tsakanin shekarar farko da ta biyu, babu akawun da zai rasa barci, wataƙila ma a samu sarari a amfi. Saboda haka in ka ɗauko ma'aikacin da aka horar don riƙe ɗalibi ka ajiye shi inda babu wanda ke asara in ɗalibi ya tafi, ka ba shi sana'ar da babu mai saye. (Ko can ɗin ma ba aljanna ba ce. Albashin farawa ƙanƙane ne in an gwada da wahalar, kuma masana fannin da kansu suna yawan kukan cewa sabbin ma'aikata na gudu tun shekarun farko.)

Mu tsarin Faransa muka gada, kuma shi ya raba abin gida biyu. Jami'a ta ɗauki aji da jarrabawa. Ci da kwana da lafiya da sufuri aka ba wata hukuma dabam, yadda Faransa ta yi da CNOUS da CROUS tun 1955. A nan shi ne CNOU, daga baya CROU-CROU na jihohi, burs kuma tana hannun ANAB. Ɗalibi ɗaya, an yanka shi kashi uku: kansa na wajen rekta, cikinsa na wajen darektan CROU, aljihunsa na wata hukuma a Yamai. Babu biro guda da za ka shiga ka ce burs ta makara, shi ya sa ban ci ba, shi ya sa na faɗi jarrabawa, a samu mutum ɗaya da alhakin jimlar ke kansa. A nan takardar 1937 ta fi mu gaskiya, kuma ina faɗa ba da jin daɗi ba.

Amma mun gaji wani abu kuma daga can wanda littattafan Amurka ba su da babi a kansa. A 1946, a Grenoble, ƙungiyar ɗaliban Faransa ta ayyana ɗalibi a matsayin matashin ma'aikaci mai aiki da ƙwaƙwalwa, mai haƙƙi, mai sandika. Wannan ruhi ne ya shigo USN tun kafuwarta a 1960. Ɗalibin Nijar bai taɓa ɗaukar kansa yaron da ake raino ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai uku suka faɗi a gadar Kennedy, kuma jininsu na cikin abin da ya buɗe hanyar taron ƙasa na 1991. Ranar 10 ga Afrilu 2017 Malah Bagale ya rasu a Yamai a zanga-zangar neman gyaran yanayin karatu. Duk wanda zai zo ya yi mana aikin harkokin ɗalibai bai san waɗannan ranaku ba, bai san da wa yake magana ba.

Kuma gaskiyar da muka sani ita ce, aikin da Ba'amurke ke yi ma mastar, mu ɗalibai ne ke yin rabinsa kyauta. Wa ke tarbar sabon ɗalibi a tasha? Ƴan garinsu. Wa ke nema mishi kusurwar da zai shimfiɗa tabarma? Ƙungiyar ƴan jiharsu ko ƴan masallaci. Wa ke haɗa gudummawa in ya kwanta ciwo, wa ke raka gawa gida in ta Allah ta kasance? Mu ne. Wa ke tsara layi da tsaron site a Yamai? CASO, wato kwamitin ɗalibai na jin daɗi da oda. Wannan dukiya ce, kuma babu Chickering ɗin da ya rubuta ta.

Sai dai kada daɗin baki ya ɗauke mu. Ikon da babu mai binciken sa yana lalacewa ko a hannun wa yake, har da hannun kamarad. Kowa ya ji labarin hukuncin da ake yanke ma ɗalibi a site ba tare da an ji ta bakinsa ba, kuma kowa ya san wanda ke da aboki a kwamiti ya fi samun gado. A 2018 rikici tsakanin CASO da wani malami ya kai sandikar malamai SNECS ga yajin aiki, aka kori shugabannin ɗalibai biyar, karatu ya tsaya. Ba zan sake shari'ar nan a wannan ɗan littafi ba. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne ɓangarorin biyu duk sun yi ta kukan an zalunce su, kuma babu wata hanya da dukansu suka yarda da ita tun kafin rikici ya tashi.

Nan ne darasi guda na wannan mastar ya fi mini duk sauran. A Fabrairun 1960 wasu ɗalibai baƙar fata na kwalejin jihar Alabama, a Montgomery, suka je suka zauna a wurin cin abinci na kotun garin da aka keɓe ma fararen fata. Aka kori tara daga cikinsu, babu tuhuma a fili, babu zaman sauraro. Wasunsu suka kai ƙara, ɗaya daga cikinsu sunansa St. John Dixon. A 1961 kotun ɗaukaka ƙara ta ce makarantar gwamnati ba ta da ikon korar ɗalibi sai ta sanar da shi abin da ake tuhumarsa ta kuma ba shi damar kare kansa. Wannan hukunci na cikin abin da ya karya ƙa'idar makaranta madadin uba, kuma duk ɗalibin wannan mastar sai ya karanta shi. Ku lura da wanda ya kawo sauyin. Ƴan zanga-zanga ne da aka kora, ba masu diplom ɗin kula da ɗalibai ba. Sana'ar ta bi bayansu ne ta koyi rubuta tuhuma, kiran shaida, ajiye takarda, buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara. Ina son wannan horo ya zo mana, ya hau kan majalisar ladabtarwa ta jami'a, ya kuma hau kan namu kwamitocin daidai wa daida.

Abu na biyu da nake ƙyashi shi ne aikin dare. A shekarata ta biyu wani maƙwabcin ɗakinmu ya daina barci, ya fara magana shi kaɗai, ya daina wanka. Muka yi abin da muka iya: tofi, rubutu, raha, daga baya muka haɗa kuɗin mota muka mai da shi gida. Bai dawo ba. Babu ɗaya daga cikinmu da ya san alamun da ya kamata ya gani wata guda kafin nan, kuma babu lambar da za mu kira. Haka ɗalibar da malami ko wani mai iko ya matsa ma, ina za ta kai kuka inda ba za a mai da ita abin hira ba? Zumunci na da iyaka. Akwai ciwon da ke son wanda aka koya ma riƙe sirri, aka kuma biya shi don ya zauna a faɗake.

Tsorona shi ne yadda abin zai shigo in ya shigo. Na san halinmu da proje. Za a zo da mota mai tambari, a yi taron kwana uku a otel, a fassara hanyoyi bakwai na Chickering zuwa Faransanci, a raba jakunkuna. Ko kuma, wanda ya fi wannan muni, a naɗa wasu masu laushin baki a kira su masu ba ɗalibai shawara, aikinsu na gaske shi ne su san wa ke magana a A.G. su kai rahoto, su mai da kukan burs matsalar sarrafa fushi. Sana'ar da aka haifa cikin gadi ba ta da wuyar komawa gadi. Tambayar da zan yi ma duk wanda ya dawo da wannan diplom ita ce, ranar da rekta ya ce a rufe site cikin awa kaɗan, ga ɗalibar Diffa ba ta da kuɗin mota, ina za ka tsaya? Na duba tsare-tsaren karatun nan, akwai darasin ɗa'ar sana'a, amma an rubuta shi don ƙasar da ɗalibi ke iya ɗaukar lauya.

Ba sai mun je Amurka kaɗai ba ma. Afirka ta Kudu ta yi nisa a fannin, daga can aka fara fitar da mujallar harkokin ɗalibai ta Afirka a 2013, kuma su sun san zanga-zanga da yunwar site irin tamu. Maƙwabtanmu na Najeriya suna da ofishin shugaban harkokin ɗalibai a jami'o'insu, ko da yake galibi malami ne ake ɗauko wa daga sashensa a ɗora mishi. Daga Maraɗi zuwa Katsina ba tafiyar kwana ba ce, ana iya zuwa a ga abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba.

In da za a buɗe irin wannan mastar a Abdou Moumouni ko Dan Dicko Dankoulodo ko André Salifou ko Djibo Hamani, ni da lissafi zan fara: yadda kuɗin burs ke tafiya daga baitulmali har ya iso hannun ɗalibi da inda yake maƙalewa, yadda ake sayen shinkafar resto, yadda ake raba gado a fili kowa na gani. Sannan tarihin USN da daɗinsa da ɗacinsa, sannan shari'ar adalci, sannan sauraro, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, don ba wanda ke kuka da Faransanci. Tinto ya zo a shekara ta biyu, a karanta shi a yi gardama da shi. Kuma kafin a ɗauki ɗalibi ko ɗaya, a fara buɗe gurbin aikin a CROU da jami'o'i, da konkur, da albashi a rubuce. Jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa an kafa su a 2010, na Agadas da Diffa da Doso da Tilaberi a 2014, ko'ina akwai site ko ana shirin ginawa. In ba a buɗe gurbin ba, wanda ya gama zai ɗauki diplom ɗinsa ya tafi wata O.N.G. ya riƙa rubuta rahoto a kan matasa, makullin site kuma ya ci gaba da zama a hannun wanda aka turo daga wata ma'aikata don an rasa inda za a kai shi.